Rangwamen Harajin da Ya Cinye Gidan Wanki

An yi wani mutum a nan jihar Ohio. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Gidan wanki gare shi, babba, irin wanda ke kwaso zannuwan gadon otal-otal da tawul da tsummokaran gidajen abinci, a wanke a busar a mayar. Daga ubansa ya gaji wurin, da injina da masu kawo aiki. Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa: ba yunwa ce ta kai shi ga abin da ya yi ba.

Masu 'yar sana'a a cikinku sun san rangwamen haraji. Gwamnatin tarayya takan rage wa mutum haraji idan ya ɗauki wanda kowa ke gudu, kamar wanda ya fito daga gidan yari, amma a kan albashin shekararsa ta farko kaɗai. Jiha kuma takan yi nata rangwamen ga wanda ya ɗauki alkawarin ƙara ma'aikata ya riƙe su wasu shekaru. Abin alheri ne. An yi shi ne don wanda ya faɗi ya sami abin dafawa ya tashi.

Mutumin nan ya karɓa ta hannu biyu, na tarayya da na jiha. Sai ya zauna ya yi wani tunani wanda Shaiɗan ne kaɗai ke koya wa mutum irinsa. Tunda shekarar farko ce ke da romo, me zai yi da mutum a shekara ta biyu?

Sai ya shiga ɗaukar tsofaffin fursunoni. Yakan je da kansa gidan da ake sauke su bayan saki, ya yi musu jawabi mai daɗi, ya dafa kafaɗarsu. Su yi aiki cikin zafi da tururi, hannuwa su tsage saboda sinadarin wanki. Da shekara ta zagayo, sai a nemo wa mutum laifi: ka makara, ka ɗaga wa shugaba murya, an ga tawul a jakarka. A sallame shi, a kawo sabo. A wurin jiha kuwa, yakan yi rantsuwa cewa wasu daga cikin waɗanda ya kora har yanzu suna bakin aiki, don yawan ma'aikatansa ya cika.

A gari ana yabonsa. An sa hotonsa a jarida, a coci ana ambatonsa a matsayin mai ba mutane dama ta biyu. A cikin gidan wankin kuwa an san gaskiya, har ta zama abin tsokana. Sabon shiga ana ce masa ɗanye. Wanda ya kusa cika shekara, in ya shigo da safe sai a ce, "Ga nunanne nan, ku nemo kwando." A yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki.

Shin kun san abin da kora take nufi ga wanda aka yi wa sakin talala? Yana da jami'in da ke sa masa ido. Dole ya nuna yana da aiki, dole ya nuna yana da wurin kwana. In aiki ya tafi, ɗaki ya bi shi, in ɗaki ya tafi, ƙofar gidan yari ta fara buɗewa. Mutumin nan ya san haka sarai. Saninsa ne ma ya sa ba ya tsoron kowa ya kai ƙara.

Matarsa, Darlene, ita ke zama a ofis tana biyan albashi. Tana gani tana shiru. Wani lokaci takan yi masa magana a mota, shi kuwa ya ce doka ba ta hana ba, kuma da wannan kuɗin ne yaransu ke jami'a. Sai ta kau da kai tana kallon titi.

Cikin ma'aikatan akwai wani Roscoe Tillery, mutum mai furfura, marar yawan magana. Ya daɗe a tsare. Yana da 'ya da ta girma ba ya nan, ta haihu ba ya nan, sai kwanan nan ta yarda yana zuwa ganin jikansa ranar Lahadi. Aikinsa shi ne ɗakin busarwa, inda tsummokaran gidajen abinci ke fitowa daga inji da zafinsu. Duk mai wannan sana'a ya san maiƙon girki ba ya fita tas. In ka tula irin waɗannan tsummokara da zafinsu wuri ɗaya, zafin kan taru a tsakiya har su kama wuta da kansu. Sai an baza su sun huce. Mutumin nan ma ya sani, tun yana yaro ubansa ya koya masa.

Shekarar Roscoe ta cika a makon Bikin Godiya, bikin da Amurkawa ke taruwa da dangi su ci talotalo, lokacin da gidajen abinci ke aiko da kaya kamar ba gobe. Ranar Laraba, jajiberin biki, da tsakar rana, mutumin ya kira shi ofis. Bai bari a tashi aiki ba, don kada ya biya shi kuɗin ranar hutu. Ya ce masa an kawo ƙorafi a kansa, ya umarce shi ya ajiye rigar aiki ya tafi.

Roscoe bai yi gardama ba. Ya roƙi a bar shi ko zuwa ƙarshen wata, ya samu ya nemi wani wuri kafin jami'insa ya ji. Aka ce babu hali. Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Maigida, kayan da ke inji na gidajen abinci ne. Yaran nan sababbi ne, ba wanda ya nuna musu. Ka bar ni in baza su, ba sai ka biya ni ba."

"Kai da ka kasa riƙe rayuwarka, kai za ka riƙe min gidan wanki? Ɗauki jakarka, dattijo."

Darlene tana zaune a teburinta, kanta a sunkuye.

Da yamma maigidan ya tura kowa gida da wuri don kada ya biya kuɗin ƙarin lokaci. Sababbin suka tula kayan a kekunan turawa, suka jera su jikin bango kusa da tarin zannuwa, aka kulle ƙofa.

Washegari, talotalo na kan tebur, dangi sun cika gida, yana tsaye da wuƙa a hannu zai yanka nama, wayarsa ta yi ƙara. Gidan wankin ne ya kama da wuta. Kafin ya isa, rufin ya rufta. 'Yan kwana-kwana ba abin da suka iya sai hana wutar tsallakawa maƙwabta. Allah ya taƙaita, ba kowa a ciki.

Ya 'yan uwa, a nan ne Allah ya ba shi ƙofar tuba. Dukiya ce ta ƙone, ba rai ba. Da ya sunkuyar da kai ya ce laifina ne, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ya ji tsoron kamfanin inshora zai ce sakacinsa ne, a ja masa rai, a tono abin da yake ɓoyewa. Sai ya dubi 'yan sanda ya ce akwai wani tsohon fursuna da ya kora jiya, ya fita yana huci, har ya ce sai ya ga bayan wurin.

Wa zai yi shakka? Ga mutumin da ke jarida, ga mai tarihin gidan yari. A gidan 'yarsa aka kama Roscoe, a gaban jikansa. 'Yar ta tsaya a bakin ƙofa har aka tafi da shi, ta rufe. In laifin ya tabbata, da shekarunsa, a can zai mutu.

Kwanaki suka shuɗe. Darlene ta daina cin abinci. Mai binciken gobara ya aiko cewa zai zo gida ya ji ta bakinta, tunda tana ofis ranar. Da safe mijin ya zaunar da ita a kicin yana koya mata abin da za ta ce. Ya tuna mata gidan da suke ciki, da karatun yara, da abin da za a faɗa a coci. Ya ce ai Roscoe ya saba da gidan yari, ba baƙon wuri ba ne gare shi.

Ta ce, "Shekara nawa ina biyan korarru albashin ƙarshe ina kallon ƙasa. Wannan kuma ba kora ba ce, binne shi za mu yi da rai."

"To ni kike so a binne?"

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mai binciken ya zauna a falo, mijin na tsaye a bayan kujerarta, hannunsa a kafaɗarta. Aka tambaye ta me Roscoe ya ce yayin fita. Ta ce, "Roƙo ya yi a bar shi ya baza kayan, kyauta. Mijina ya hana."

Hannun ya sauka daga kafaɗarta.

Daga nan komai ya warware. Binciken toka ya nuna daga cikin kekunan wutar ta tashi. Inshora ta ƙi biya. Jiha ta ce tunda ba aiki ba ma'aikata, a dawo mata da rangwamenta, da ta duba kuma ta gano rantsuwar ƙarya. Tarayya ita ma ta shigo. Aka sayar da gida, aka sayar da fili. Aka gurfanar da maigidan a kotu. Ranar yanke hukunci alƙali ya tambaya ko akwai mai faɗin alherinsa. Duk mutanen da ya ce ya ba dama ta biyu, ko ɗaya bai zo ba. Aka tafi da shi ta ƙofar baya da ankwa.

An saki Roscoe, amma ya tarar an ba wani ɗakinsa, 'yarsa kuma ta daɗe kafin ta sake ɗaga wayarsa. Wa zai biya shi wannan?

To ku saurare ni, masu shago da masu motoci da masu gidan abinci. Ban ce kada ku nemi rangwame ba. Haƙƙinku ne, ku nema, ku cika sharaɗi, ku faɗi gaskiya. Amma kuɗin da aka ba ka domin wani bawan Allah ya miƙe tsaye, amana ce a wuyanka. In ka ci kuɗin ka tura mutumin rami, kada ka ce min doka ba ta hana ba. Doka tana duba takarda, Allah yana duba wanda ka sa kuka. Kuma ku lura, ba wuta ce ta hallaka mutumin nan ba. Ƙaryar da ya ɗora wa marar gata ce, bayan an nuna masa aya ya ƙi gani.

Ya Ubangiji, kada ka sa a abincinmu akwai gumin wanda muka zalunta. Ka ba mu ikon tuba tun ƙofa tana buɗe. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na ƙarƙashinmu daga sharrinmu. Amin.