Fijo Wadda Ba a Taɓa Tuƙawa Ba

Alhaji Ɗanbaba, mai filin kasuwar motoci, ya kira Tanko dillali.

"Tsohuwar Fijo nake so, mai araha, wadda ba a taɓa tuƙawa ba. In babu, ku tashi mini daga fili!"

Washegari Tanko ya sa aka turo wata tana sheƙi.

Alhaji ya ce, "Miƙo makulli in gwada."

"Ranka ya daɗe, kana tuƙa ta, ta zama wadda aka tuƙa. Kai ka karya sharaɗi ke nan, ba mu ba."

"To, yaya zan kai ta gida?"

"Zauna a baya mu tura ka. Jama'a, a kama!"

Har yau kasuwar tana nan.