Lambar Da Ke Ƙasan Gwangwani

Akwai wata mata da kowa ke kira Uwar Biyu, saboda tagwayen da ta haifa a haihuwarta ta fari. Sana'arta sayar da kayan jarirai ta intanet: madarar gwangwani, nafkin, fida, sabulu da man shafawa.

Ba ta da shago a bakin titi. Ɗakuna biyu ne a bayan gidanta. Ɗaya cike yake da kantoci har rufi, ɗayan kuma tebur ne da kwamfuta da tarin kwalaye. Mutum zai zaɓi kaya a shafinta ya biya, mai babur ya kai masa har ƙofar gida.

Tare suke harkar da yayanta, wanda ya yi ritaya ya zuba abin da ya samu a ciki. Shi ke kula da shafi da talla, ita ke kula da kaya. Daga ɗakunan nan biyu gidaje biyu ke ci.

Kafin ta yi aure ta yi aiki a kantin magani, a can ta koyi wata ɗabi'a da ba ta bari ba. A ƙasan kowane gwangwani akwai lambar da kamfani ke bugawa, mai nuna rukunin da aka yi shi a ciki, wato kayan da suka fito daga inji lokaci ɗaya. Duk kwalin da ya shigo, sai ta shigar da lambarsa a kwamfuta. Duk gwangwanin da zai fita, sai ta rubuta lambarsa kusa da sunan wanda ya saya.

Aikin yana cin lokaci, har Yaya kan tsokane ta cewa da gwangwanayen na da baki, da sun tambaye ta laifin da suka yi ake ɗaukar sunansu kamar fursunoni. Ita dai murmushi take yi ta ci gaba da aikinta.

Wata safiya tana naɗe kaya sai saƙo ya shigo daga dilan da ke kawo mata madara. An gano cewa wani rukuni ya samu matsala wajen rufe murfi, danshi ya shiga, kuma madarar na iya sa jariri amai da gudawa. A daina sayarwa, a mayar da abin da ya rage. Saƙon ya ce na 'yan kasuwa ne kawai, kamfani zai sanar da jama'a idan ya gama bincike.

Uwar Biyu ta zauna ta buga lambar a kwamfuta. Yawancin rukunin na nan a kan kantoci, amma wasu sun riga sun fita. Sunaye suka jeru a gabanta, kusan gida ashirin, kowanne da lambar waya da kwatancen gida.

Ta kira Yaya, ya zo ya tsaya a bayanta yana kallon allon. Sai ya ce a kwashe na kan kantoci a mayar wa dila, sauran kuma a bar wa kamfani, tunda su suka ɓata su za su gyara.

Ta ce, "Yaya, kafin su gama binciken yara nawa za su sha?"

Ya ce, "Ke ba ki san mutane ba. Kina kiran su, ba kamfani za su gani ba, ke za su gani. Kada ki bari allura ta tono garma. Shekara nawa muka yi muna gina sunan nan?"

Ba ta ga laifinsa ba. Ta san yana da 'ya'ya a makaranta, kuma duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin ɗakin nan. Ta kuma san sauran masu sayarwa shiru za su yi, wasu ma ko sun so magana ba su san wa suka sayar wa ba. Amma ita ta sani. Ta dubi sunayen, ta tuna wata a ciki da ta taɓa turo mata hoton jaririnta ranar da ya fara zama.

A hankali ta ce, "Da ban sani ba, da ina da abin faɗa wa Allah. To ga su nan a gabana."

Yaya ya ɗauki hularsa ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ya fita.

Ta fara kira ɗaya bayan ɗaya. Kowa ta samu sai ta gaishe shi, ta faɗi sunan shagonta, ta ce ya juya gwangwanin ya karanto mata lambar da ke ƙasa. Idan ta yi daidai, sai ta roƙe shi kada ya ƙara bai wa yaro, za ta aiko da wani a karɓo wannan.

Wasu suka yi godiya. Wasu suka kashe waya kawai. Wani mutum ya tambaye ta ko sabuwar damfara ce. Wata mata kuwa ta zage ta tas, ta ce dama ta daɗe tana zargin kayanta, sannan ta naɗi muryarta ta sa a intanet, ta rubuta a sama cewa ga mai sayar wa jarirai guba ta amsa laifinta da bakinta.

Kafin azahar maganar ta bazu. Masu oda suka fara sokewa. Waɗanda ba su taɓa sayen ko sabulu a wurinta ba suka fi kowa zafin baki. Maigidanta ya kira daga wurin aiki ya ce ya gani, ya tambaye ta ko ta tabbata da abin da take yi. Ta ce ta tabbata. Bayan ta ajiye wayar ta kifa kai a kan tebur ta yi kukanta, sannan ta share fuska ta duba inda ta tsaya.

Saura gida ɗaya. Ta kira lambar ta sake kira, a kashe. Ta tura saƙo, bai shiga ba. Kwatancen ya ce bayan tashar manyan motoci, gidan bene mai koren ƙofa, hawa na biyu. Kwamfuta ta nuna an kai madarar tun makon da ya wuce.

Zuciyarta ta ce ta yi iya yinta, gobe ma rana ce. Sai ta tuna yadda gudawa ta taɓa kwantar mata da ɗaya daga cikin tagwayenta cikin yini ɗaya, yadda idonsa ya faɗa. Ta ɗauki mayafinta da sabon gwangwani na wani rukuni, ta tari mota.

Unguwar ba ta san ta ba. Gidajen bene sun yi yawa, koren ƙofa kuma ya fi ɗaya. Ta tambayi mai wanki, ya tura ta wurin mai gyaran waya, shi kuma ya ce sunan ya yi kama da na wani direban babbar mota da matarsa ta rasu wajen haihuwa. Ya nuna mata gidan da hannu.

Wata tsohuwa ce ta buɗe mata ƙofa, da jaririya a kafaɗa. Ɗakin ƙarami ne, a share tsaf, da igiyar shanya cike da 'yan riguna. A kan tebur ga fida, ga flas, ga gwangwanin madara an sha fiye da rabi.

Tsohuwar ta ce ita ce mahaifiyar direban. Ɗanta yana kan hanya, inda yake ba a cika samun sabis ba, shi ke sayen madarar ta wayarsa a kawo mata. Ita ba ta da waya, ba ta kuma iya karatu ba.

Uwar Biyu ta nemi izini ta juya gwangwanin. Lambar ce. Ta dubi jaririyar, ta ga leɓenta a bushe, maɗigarta ta lotsa, kukan ma da ƙyar yake fita. Ta tambaya tun yaushe take haka. Tsohuwar ta ce tun jiya take amai da zawo, ta ɗauka haƙori ne, shi ya sa take ta ƙara mata madarar don kada ta rame.

Uwar Biyu ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, ni ce na sayar muku da madarar nan, kuma ita ce ke cutar da ita. Ki yafe mini. Ki ɗauko mayafinki mu tafi asibiti yanzu."

Tsohuwar ta yi tsaye tana kallon gwangwanin. Uwar Biyu ta karɓi yarinyar ta goya ta, ta saka gwangwanin a jaka, ta riƙe hannun tsohuwar suka sauka.

A asibiti aka karɓe su da gaggawa. Jijiyar yarinyar ta ɓuya, sai da aka sha wahala kafin a samu inda za a sa mata ƙarin ruwa. Uwar Biyu ta nuna wa likita gwangwanin da saƙon dila, ya rubuta lambar ya ce za su sanar da hukuma. Ya kuma ce da an bari ta kwana a haka, da labarin ya zama wani.

Washegari direban ya iso, idonsa ja saboda tuƙi da rashin barci. Ya riga ya ga abin da ake yaɗawa a waya. Yana jin an ce wannan ce mai madarar, ya yo kanta yana faɗa, yana cewa bai gama jimamin uwar ba za a raba shi da 'yar. Uwar Biyu ta sunkuyar da kai.

Mahaifiyarsa ce ta miƙe ta shiga tsakaninsu. Ta ce, "Rufe mini baki. Ni da hannuna nake ɗura mata abin nan. Matar nan ba ta san mu ba, ta bi gida-gida tana tambaya har ta same ni. Da ta zauna a ɗakinta, wa zai ce mata don me?"

Direban ya jingina da bango, ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Kullum Uwar Biyu sai ta zo duba su. Shagon ya yi tsit, ba oda, ba mai babur a ƙofa. Yaya ya daina ɗaga wayarta. Ta kan zauna a bakin gadon tana kallon ruwan na ɗiga, tana tunanin abin da za ta faɗa wa iyalinsa idan kasuwar ta mutu.

Ana cikin haka kamfani ya fito ya sanar da jama'a. Hankalin iyaye ya tashi. Suka yi ta kiran waɗanda suka sayar musu, mafi yawansu suka ce ba su san wane rukuni suka ba kowa ba. Wasu sun zuba madarar a wani mazubi sun yar da gwangwanin, ba su da abin dubawa sai fargaba. A asibitin nan kaɗai an kawo ƙarin yara, kuma ba duka suka koma gida ba.

Sai a lokacin mutane suka tuna da matar da ta kira tun kafin kowa ya yi magana. Direban ya tsaya a bakin asibiti ya ɗauki kansa a waya. Bai iya tsara zance ba, ya dai faɗi abin da ya faru, ya ce ya zage ta kuma yana neman gafararta a gaban kowa. Matar da ta naɗi muryarta ta goge abin da ta sa, ta kira tana ba da haƙuri. A hankali oda ta fara dawowa, yawanci daga iyayen da ba ta taɓa jin sunansu ba.

Ranar da za a sallami yarinyar Yaya ya zo asibitin. Ya gaida tsohuwar, ya tsaya a bakin gado yana kallon jaririyar tana wasa da ƙafarta. Sannan ya juya ga ƙanwarsa ya ce, "Wannan ce na ce a bar wa kamfani?"

Aka haɗa kaya, direban ya miƙa hannu zai ɗauki 'yarsa. Tsohuwar ta riga shi. Ta ɗaga yarinyar ta ɗora a bayan Uwar Biyu, ta miƙa mata zani.

Ta ce, "A bayanki ta shigo. A bayanki za ta fita."

Darasi: Abin da ka sani amana ne a wuyanka. Idan ka san abin da zai cutar da wani ka yi shiru don kare sunanka, shirun nan ma aiki ne, kuma za a tambaye ka a kansa. Mai sana'a ya san abin da ya shigo hannunsa da inda ya fita, domin wata rana ran wani ne zai rataya a kan wannan ƙaramin aiki. Ku tura wa duk wani mai saye da sayarwa da kuka sani, da duk uwar da ke da jariri a hannu.