Barmo da Masu Shan Ruwan Tsakar Rana

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Barmo ake ce masa. Na baya ku bar hira ku matso, labarin nan naku ne.

Barmo gadi yake yi a wani ƙaton gida da mai shi ya tafi ƙasar waje ya daɗe bai waiwayo ba. Ɗakin gadin nan shi ne duk abin da yake da shi, shi da matarsa, wata tsohuwa da ba ta gani. A tsakar gidan akwai tafkin wanka na siminti irin na masu hali, da injin da ke juya ruwan don kada ya lalace. Injin yana da maɓalli da ake murɗawa. Ka rage shi da yawa, ruwa ya kwanta ya yi kore. Ka ƙure shi, rariyar da ke ƙasan tafkin ta riƙa zuƙar duk abin da ya kusance ta. Barmo ganyen darbejiya yake jefawa a ruwan don ya gwada ƙarfin injin. In ya ga yana tafiya sannu kamar tsoho zai je masallaci, sai ya ce, "Yauwa, haka."

Me ya sa? Ku saurara. Ba mai wanka a tafkin nan, amma akwai masu sha. Da rana ta take, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sai su zo: ƙudan zuma, kurciyoyi, ƙadangaru. Akwai kuma wani wuri a gefe inda ruwan ke lotsawa kamar an sa baki, alhali ba kowa. Wani lokaci a ga jiƙaƙƙen sawu, ɗan ƙarami, ya nufi katanga ya ɓace. Barmo yana jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai ya yi sallama, ya sunkuyar da kai har a gama.

Wata rana wakilin mai gida ya faɗo da tsakar rana, yana zufa.

"Baba, manyan baƙi za su zo da la'asar. Ƙure injin nan, ina son ruwan ya yi ƙyalli."

"Ranka ya daɗe, a bari rana ta ɗan karkata. Masu sha ba su gama ba."

"Su wa?"

"Bayin Allah."

Wakili ya yi dariya. "Ko ka murɗa, ko ka kwashe matarka ku bar mini gida yau."

Jama'a, ina za shi da makauniya? Zuciyarsa ta karye. Ya dubi ɗakinsa, ya dubi ruwa, ya miƙa makullan gida. "Hannuna ba zai iya ba," in ji shi.

Wakili ya murɗa da kansa har ƙarshe, ya koma inuwa. Inji ya yi gurnani, ruwa ya fara juyi. Wata 'yar kurciya ta zame ta faɗa. Barmo bai tsaya tunani ba, ya shiga da rigarsa, ya cillo ta waje. Sai santsi ya kwashe shi. Rariya ta kama rigar, ta manne shi a ƙasa.

Yana kwance a ƙarƙashin ruwa, yana ganin rana fara fat a sama. Ya ja, ya ja, ina! Ƙirjinsa ya cika. Ya yi shahada a zuci, ya tuna matarsa tana jiran wanda zai kai mata buta.

Sai gurnanin ya fara sauka. Sannu, sannu. Rigar ta saki.

Da ya fito yana tari, ya tarar da wakili can jikin bango, nesa da inji, bakinsa a buɗe, yana nuni da yatsa. Maɓallin ya koma daidai inda Barmo ke barinsa. A jikin maɓallin akwai shatin 'yan yatsu ƙanana, ruwa na ɗiga. Duk gidan tsit, ko kurciya ba ta kuka.

Wakili ya ajiye makullai a ƙasa, ya fita da baya. Bai sake maganar kora ba.

Kada ku tambaye ni hannun wane ne. Ban sani ba, Barmo ma bai sani ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, wanda ya sassauta wa mai rauni, Allah zai sassauta masa ranar da numfashinsa ya ƙure.

Kowannenku yana riƙe da irin maɓallin nan. Kai direba, ƙafarka ce. Kai mai shago, yaranka da ba ka bari su huta. Kai maigida, muryarka ce in ka shigo gida da gajiya. Kana sauri don a ga ƙyalli, wani yana nutsewa a ƙasa ba ka sani ba. Kafin ka murɗa, ɗan'uwana, duba wa ke shan ruwa. Allah Ya sa mu cikin masu sassauci. Ku ce amin.