Manomin Tsibiri da Mai Fito

Akwai wani manomi da yake zaune a wani tsibiri a tsakiyar babban kogi. Ƙaƙƙarfa ne, irin mutanen nan da ko ciwo ya kayar da su ba sa yarda a kama musu hannu. Shi ya share gonarsa, shi ya gina rumbunsa. In aka yi masa zancen ambaliya, sai ya yi dariya ya ce, "Iya ruwa fidda kai." Alhali kuwa ruwan da ya taɓa shiga bai wuce ƙugunsa ba, gama da rani yake ƙetarewa, sa'ad da kogin ya janye.

Wata damina aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya cika ya batse, ya fara cin tsibirin. Ya ci gonar, ya ci rumbun, ya zo har ƙofar bukka. Maƙwabtansa sun riga sun ƙetare tun da wuri, suna tsaye a waccan gaɓar suna hangensa, ba mai iya yin kome.

Sai ga mai fito ya shigo ruwan da babban goransa. Aikinsa ke nan: mutum ya kwanta rub da ciki a kan gora, shi kuwa yana iyo yana turawa har gaɓa. Manomin bai kira shi ba, shi ne ya ga halin da yake ciki ya zo. Ya same shi tsaye, ruwa har gwiwa, da damin irin dawa a kansa.

Mai fito ya ce, "Maigida, ajiye damin nan. Goran nan mutum kaɗai yake ɗauka, ba mutum da kayansa ba."

Manomin ya ce, "Haba! Gumina ne fa."

"Na sani. Ajiye shi."

Ya ajiye, kamar ana cire masa haƙori. Mai fito ya ƙara cewa, "Saura abu ɗaya. In mun shiga, kada ka taimake ni. Ka saki jikinka kamar gawa a makara."

"Gawa? Da raina da lafiyata?"

"Masu ƙarfi su suka fi ba ni wahala," in ji mai fito.

Suka shiga. Da fari manomin ya yi lamo. Amma da suka kai tsakiya, inda ruwan yake juyi yana ruri, ya ji ba ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa, sai tsoro ya kama shi. Ya ce a ransa bari ya ɗan taimaka. Ya fara harbin ruwa, ya yunƙura zai tashi, goran ya kife. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ya shaƙe wuyan mai fito da dukan ƙarfin da yake taƙama da shi, su biyu suka nutse.

Mutanen gaɓa suka ga goran yana tafiya shi kaɗai. Mata suka ɗora hannu a ka suka fasa kuka. Wani tsoho ya ce, "Shi ke nan, kogi ya binne su."

Mai fito ya san ruwa, da ya so da ya fizge kansa ya tsira. Bai yi haka ba. Ya bi mutumin har ƙasa, cikin duhu da laka da ƙayoyin itatuwan da ruwa ya tumɓuke. A can ƙarfin manomin ya ƙare, hannuwansa suka saki, ya zama gawar da ya ƙi zama. A sa'an nan ne mai fito ya goye shi.

Ana cikin kuka sai ruwan ya tsage kusa da gaɓa. Ga mai fito yana tasowa, jini yana zuba daga hannuwansa, ga mutum a bayansa. Kukan ya tsaya cak. Tsoro da mamaki suka kama kowa.

Da manomin ya farfaɗo, ya ga ruwa ya yage rigarsa ya tafi da ita, mai fito ya yafa masa tasa da ya bari a gaɓa. Ya waiwaya ya nemi tsibirinsa, babu shi, sai ruwa iyakar ganin ido. Maƙwabta suka ce, "Sannu da arziki! Yaya ka yi ka ƙetare?"

Manomin ya ce, "Ban ƙetare ba. Mutuwa na yi a can ƙasa, wannan bawan Allah ya fito da ni."

Ma'anar wannan misali ita ce: tsibirin shi ne zaman mutum cikin zunubi, kogin kuwa mutuwa ce da hukunci. Damin irin shi ne ayyukan kirki da muke so mu biya kuɗin ceto da su. Mai fito shi ne Yesu Almasihu, wanda ya zo ba mu kira shi ba, ya sauka har kabari sabili da mu, ya kuma tashi. Ku lura, ruwa bai ceci manomin ba, ruwan ne ma ya so ya kashe shi. Haka ruwan baftisma ba ya ceton kowa. Shaida ce a gaban jama'a cewa an binne mu tare da Almasihu, an kuma tashe mu tare da shi, muna yafe da adalcinsa.

Na sha ganin masu shiga ruwan baftisma suna sandare wuya, wani har ya cakumi rigar fasto kamar za a yi kokawa. Mukan yi dariya, amma haka zukatanmu suke a gaban Allah. Ni kam duk sa'ad da na ga an nutsar da mutum, ruwa ya rufe fuskarsa, sai jikina ya yi sanyi, gama na tuna inda Ubangijin ɗaukaka ya sauka domin ya same ni.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ruwa ya kai gwiwa. Ajiye damin, ka ba da gaskiya gare shi, ka saki jikinka. Wanda ya bi ka har ƙasa ba zai taso ya bar ka a can ba.