Rabon 'Yan Safe da 'Yan Yamma

Akwai wata malamar firamare da kowa a makarantarsu yake kira Gwaggo. Yara su ce Gwaggo, malamai su ce Gwaggo, har Hedimasta idan ya manta da girman ofishinsa sai ka ji ya ce Gwaggo.

Shekara ashirin da shida tana riƙe da aji ɗaya, ajin da sauran malamai suke gudu saboda majina da kuka da "Malama, zan yi fitsari". Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa roƙon a canja mata ba. Duk yaron da ke makarantar nan ta hannunta ya biyo, har da iyayen wasu.

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, yaranta arba'in da uku sun fara riƙe fensir daidai ke nan. Aka ce hutun mako biyu ne. Sai da suka yi wata bakwai a gida.

Da sanarwar buɗewa ta fito, aka ba malamai mako biyu su shirya. Sharuɗɗan a fili suke: bokitin wanke hannu a ƙofar kowane aji, takunkumi a fuskar kowa, tazara tsakanin benci da benci, kuma kada aji ya wuce yara ashirin da biyar a zama ɗaya. Dole ke nan a raba makarantar gida biyu, wasu su zo da safe, wasu da yamma.

Malamai suka dawo suka tarar da aiki na jiransu. Ciyawa ta kai gwiwa a filin taro. Ɓeraye sun cinye rabin taswirar duniya a aji shida. A allon Gwaggo, kwanan watan ranar da aka rufe yana nan da alli, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Malamin lissafi kuwa, da ya sunkuya zai ɗaga benci, sai maɓallin wandonsa ya yi tsalle ya bar shi. Ya ce wandon ne ya tsuke a lokacin kulle, babu wanda ya yarda.

Aikin raba yaran aka ba mataimakin Hedimasta, wani matashi da ake wa laƙabi da Malam Kwamfuta. Kada in ci haƙƙinsa, yana da ƙoƙari. Shi ya auna kowane aji ya ɗiga fenti a inda benci zai zauna. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da bai fito daga na'urarsa ba, a wurinsa shaci-faɗi ne.

A taron malamai na rana ta uku ya miƙe yana murmushi.

"Na gama rabon," in ji shi. "Minti biyu ya ɗauke ni. A kowane aji, lamba ɗaya a rajista safe, lamba biyu yamma, uku safe, huɗu yamma, haka har ƙarshe. Babu son kai, babu alfarma."

Aka tafa masa. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Malam, sannu da aiki. Amma ka duba wane yaro ne ƙanin wane?"

"Ban gane ba, Gwaggo."

"Rabin yaranmu a ƙetaren babban titi suke. Ka san yadda manyan motoci suke gudu a wurin. Nawa ƙanana ba sa tsallakawa su kaɗai, yayyensu ne suke riƙo hannunsu. Idan yaya yana safe ƙanwa tana yamma, wa zai kawo ta?"

Malam Kwamfuta ya gyara gilashinsa.

"Gwaggo, makaranta muke tsarawa, ba gidajen mutane ba. Yara ɗari biyu da tamanin ne. Idan muka tsaya bin gida-gida, sai baɗi za mu buɗe. Wannan irin aikin zamaninsa ya wuce."

Wasu suka yi 'yar dariya. Hedimasta, wanda hankalinsa yake kan masu duba makarantu, ya ce a bar shi haka, za a liƙa sunayen a ƙofa ranar Alhamis ta sama.

Maganar ta yi wa Gwaggo zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba ita ta fi damunta ba. Ta san ɗan shekara shida da ya yi wata bakwai a gida, idan aka ce ya ƙara zango ɗaya, da wuya ya dawo. Za a saba da aikensa, shi ma ya saba da zama. Ta sha ganin haka da idonta, kuma ba ta shirya rasa ko ɗaya daga cikin nata ba.

Ba ta sake yin musu da kowa ba. Washegari ta gama goge ajinta, ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya ta ari rajistarsu. Ta yayyanka takarda ƙanana-ƙanana, kowane gida takarda ɗaya, ta rubuta sunayen yaran gidan da ajin kowa. Yawancinsu daga ka ta rubuta su.

Gidajen da take shakka a kansu, ta ɗauki lema da littafi ta tafi da ƙafarta. Ba ta shiga, daga bakin ƙofa take tsayawa da takunkuminta, a gaisa daga nesa.

A nan ta gano wata bakwai ba wasa ba ne. Wata 'yar aji biyar yanzu ita ke raino da safe, domin uwar ta koma sayar da kaya a kasuwa. Wani gida sun tashi sun koma ƙetaren titi. A gidan wani tela mai 'ya'ya biyu maza, ta tambaya ko a haɗa su lokaci ɗaya.

"Gwaggo, in da hali a raba su," telan ya ce a hankali. "Ɗinki ya tsaya tun kulle. Takalmin makaranta ɗaya ne ya rage mai kyau. Idan babban ya dawo da rana, sai ƙaramin ya sa."

"An raba su," ta ce. A littafinta ta rubuta "a raba" kawai, ba ta rubuta dalili ba.

Sai kuma babban aikin. Ta shimfiɗa takardun a ƙasan ajinta, 'yan safe a dama, 'yan yamma a hagu. Idan ta matsar da gida ɗaya, sai aji uku ya cika, aji biyar ya ragu. Ta mayar, ta ɗauko wani. Gwiwoyinta suna ƙara, tana ja da baya tana ƙirgawa.

Malam Kwamfuta ya leƙo ta taga.

"Gwaggo, kati ake yi ne?"

"Eh, ɗana. Shigo a raba da kai."

Ya yi dariya ya wuce. Malamar aji uku ce ta fara shigowa ta durƙusa kusa da ita. Rana ta biyu malamin lissafi ya biyo, yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya, yana ƙirga da ɗayan. Kwana huɗu suka yi kafin kowane aji ya daidaita. Gwaggo ta kwafe komai a littafinta ta sa a jaka.

Ranar Alhamis aka liƙa jerin Malam Kwamfuta a ƙofar makaranta, fes da shi, layi a miƙe. Iyaye suka taru suna bin sunaye da yatsa. Ba a yi minti goma ba gunaguni ya tashi.

Wani mai gyaran babur, wanda Gwaggo ta koya wa riƙe fensir shekara ashirin da suka wuce, ya matso gaba.

"Ranka ya daɗe, babbar 'yata safe, ƙaramar yamma. Ni ina gareji, uwarsu tana da goyo. Wa zai tsallakar da ita titi?"

Malam Kwamfuta ya fara bayanin cewa tsarin bai fifita kowa ba.

"Malam, ban ce ka fifita wani ba," in ji mai gyaran babur. "Tambaya na yi. In babu amsa, ƙaramar ta zauna a gida. Ba zan ba tirela 'yata ba."

"Nawa ma ya zauna," in ji wata mata daga baya. Wani ya ce haka, wata ta ce haka. Gwaggo tana tsaye gefe tana ƙirgawa a zuciyarta, har ta kai goma sha tara daga cikin 'yan ajinta. Ta hango telan ya karanta jerin, ya ga an haɗa 'ya'yansa lokaci ɗaya, ya juya zai tafi.

Gumi ya keto wa Hedimasta. Ya kalli mataimakinsa, mataimakin ya kalli na'urarsa, na'urar ba ta da abin cewa.

Ni da nake ba ku labarin nan, da ni ne da a gaban jama'a zan zaro littafin, kowa ya san wa ya yi gaskiya. Gwaggo ba ta yi haka ba. Ta taɓa hannun rigar Malam Kwamfuta ta ja shi bayan ofis.

"Ɗana, karɓi wannan. Rubutuna ba ya karantuwa daga nesa, kai ne mai bugawa da kyau."

Ya buɗe. Kowane aji bai wuce ashirin da biyar ba. A gefen sunaye akwai 'yan kalmomi: "tare da yayarta", "yamma, tana raino", "a raba". Ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Gwaggo, me ya hana ki kai wa Hedimasta tun shekaranjiya?"

"Kai aka ba aikin. Ni ba kujerarka nake so ba, yarana nake so su dawo."

Malam Kwamfuta ya koma ƙofa, ya ɓalle takardunsa da hannunsa, ya fuskanci iyayen.

"Iyayena, ku yi haƙuri. Kuskuren nawa ne. An faɗa mini tun farko, na ƙi ji. Gwaggo da malamai biyu sun yi rabon da ya san gidajenku. Ku dawo gobe da safe ku gani."

Mai gyaran babur ya sauke ajiyar zuciya. "In dai Gwaggo ce ta raba, ba sai na dawo dubawa ba."

Da yamma suna zaune a ofis, ita tana karantowa shi yana bugawa, ya ga sunaye biyar da aka ja wa layi da jan biro.

"Waɗannan fa?"

"Su ne suka gagare ni," ta ce. "A ƙetare suke, yayyensu sun gama makaranta a lokacin kulle. Babu mai riƙo hannunsu. Na juya, na juya, na rasa dabara."

Ya cire gilashinsa ya goge.

"Ai ni ma a ƙetaren nake zaune. Sa su a safe."

Ranar buɗe makaranta Gwaggo ta zo da wuri, ta cika bokitinta, ta ajiye sabulu. Tana tsaye a ƙofa sai ta hango abin da ya sa ta dafa bango don dariya. Ga Malam Kwamfuta cikin gogaggiyar riga, ya ɗaga hannu ya tsayar da motoci. A bayansa yara biyar a jere, sun riƙe wata doguwar igiya da ya ƙuƙƙulla, kowa da ƙullinsa don kada su matsu da juna. Suna tafe kamar 'yan agwagwa, shi kuma yana waiwaye yana ƙirga su.

Bayansu sauran suka biyo, yayye riƙe da ƙanne, takunkumin wasu ya kai har ido. Wasu sun yi tsawo, wasu sun manta inda ajin yake. Wata ta rungume ƙafar Gwaggo kafin a tuna mata da dokar tazara.

Ta kira suna da safe, ashirin da biyu suka amsa. Da rana aka wanke benci, aka sake cika bokiti, 'yan yamma suka shigo. Ta sake buɗe rajista tana kira tana sa alama.

Da aka tashi, Hedimasta ya zauna a ofis yana karɓar adadi daga kowane malami don aika wa hukuma. Gwaggo ce ta ƙarshe.

"Aji ɗaya, nawa suka dawo?"

"Arba'in da uku, ranka ya daɗe."

"Cikin nawa?"

Ta ajiye rajistar a kan teburinsa, ta gyara mayafinta.

"Cikin arba'in da uku."

Darasi: Kada ilimin zamani ya sa ka raina wanda ya daɗe a bakin aiki, domin ya san mutanen da ke bayan lambobin da kake gani a takarda. Idan kuma gaskiya ta faɗo a gefenka, kada ka kunyata wanda ya yi kuskure, ka ba shi hanyar gyarawa da mutuncinsa. Ku tura wannan labari ga wani malami ko malamar da ta taɓa riƙe hannunku, su san ba a manta da su ba.