Injin da Ya Tada Baba Gambo

Ku matso ku ji, domin maganar nan ta hana ni sukuni, kuma ku nake so ku raba mini gardama.

Mahaifina, Baba Gambo, yana saurayi ya yi aiki da Turawan da suka gina dam a garinmu. Ran Lahadi sukan yi tseren 'yan jiragen ruwa na wasa masu inji, shi ne mai tayar musu. Da za su tafi, wani ya bar masa inji guda, bai fi dunƙulen hannu ba. Bara ciwo ya kwantar da Baba, ya juya fuska bango, ya daina cin abinci. Likita ya ce jiki da sauƙi, zuciya ce ta karaya, in bai ci ba za mu rasa shi. Shi kuwa ba abin da yake maimaitawa sai yana so ya ƙara jin kukan injinsa. Ashe da muka share ɗakinsa, injin ya bi tarkace zuwa wurin 'yan gwangwan.

Babban ɗana Tasi'u ya je ya tona tulin ƙarafa har hannunsa ya yi jini, motar da za ta kwashe su na jiran lodi. Ya tsinci ƙananan injuna biyu. Ɗaya kansa da haƙarƙari irin na babur, wanda iska ke sanyayawa. Ɗayan kansa sumul, da 'yan bututu biyu na shigar ruwa da fitarsa, ga wili mai kwarmin igiya. Ya ce mai shan ruwa shi ne na jirgin ruwa, ya ɗauko shi.

Sai dai injin ya kafe ƙam. Aka ce tsatsa ce, a kawo sifana a murɗe shi da ƙarfi. Ƙanwarsa Saratu, mai sayar da mayukan gargajiya, ta fizge shi ta sansana. Ta ce man zurma ne ya daskare a ciki, wanda ya murɗa ya karya. Ta yi ta gasa shi da ruwan zafi kamar jikin maijego, tana lallaɓa wilin, har ya juya ya yi wani ɗan tsalle a hannunta. Ta ce, "Inna, da ransa."

Aka ba shi fetur, ya ƙi tashi. Autana Nafi'u, da ke aiki a kemis, ya lura ba shi da fulogi, matsi ne kawai ke kunna shi. Ya haɗa masa kananzir da man zurma da wani maganin sa barci na asibitin da, ya jona robar ƙarin ruwa daga bokiti zuwa bututun injin don kada ya ƙone. A ƙofar ɗakin Baba ya ja igiya. Injin ya tsala ƙara, kaji suka watse, hayaƙi ya cika tsakar gida. Sai muka ji Baba daga ciki yana cewa, "Ku rage masa mai, ja'irai, zai shaƙe!" Ya yunƙura ya zauna, yana dariya, ya ce a damo masa kunu. Yau da sandarsa yake zuwa masallaci.

Jiya ya damƙa mini injin ya ce, "Ladi, ki ba wanda ya raya shi." Abu ɗaya ne, ba ya rabuwa, kuma duka ukun ni na haife su.

To, tsakanin wanda ya gane shi, da wadda ta kwance shi, da wanda ya tayar da shi, wa zan miƙa wa?