Shaidar Mai Ɗanɗana Waina

Bayan rasuwar maigidana na koma Maraɗi wajen ɗiyata. Da shekara ta zagayo, na je ofishin haraji a Katsina in shaida musu na tashi.

Malam Sallau mai haraji ya ce, "Iya Tabawa, kawo wanda ya ga ba ki soya waina a ƙasar nan bana ba, ko ki biya."

Na ce, "Ai kai ne shaidata, ɗan nan. Na taɓa ɗora tanda ba ka zo ɗanɗano ba?"

Ya saci kallon abokan aikinsa. "Ba ki taɓa ba."

"Bana ka ɗanɗana?"

"A'a."

"To rubuta, ni ban iya ba. Ka ƙara da cewa har ka rame."

Ya rubuta. Ko sisina bai gani ba.